Kunun da Cokali Ke Tsayawa a Ciki

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ya gida, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Bungudu lafiya lau.

Kin san yadda kunu ke sarƙe ɗana Sadiku saboda larurarsa ta Down da aka haife shi da ita, har ya rame. Likita a Gusau ta ce, "Zaunar da shi, ki dama masa mai kauri." Sai na tuna kununki da muke tsokana, wai cokali na tsayawa a ciki. Jiya na kwaikwaya, ya haɗiye cokali bakwai bai yi tari ba.

A littattafan da nake karantawa, wanda ake kewarsa yakan yi sallama ya shigo gida a shafin ƙarshe. Ki zo ki dama masa da hannunki, Yaya. Na daina tsokana.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida maigida.

Ƙanwarki,
Rabi