Majanyin Yaya Ƙaltume

Zuwa ga Hajiya Luba,

Assalamu alaikum. Ki taimake ni don Allah da darajar iyayenki, domin na gaji, irin gajiyar da barci ba ya wanke ta. Ni malamin firamare ne a Kotobabi, a Nima aka yanke mini cibi, a nan kuma furfura ta fara tarar da ni. Mutum ne ni mai fakewa a cikin baiti idan magana ta yi mini nauyi, saboda haka ki yi haƙuri in na yi kewaye. Wanda ƙaya ta soka ba ya tafiya miƙe.

Mafarin abin littattafai ne. Shekarar da gwamnati ta sallami baƙi, maƙwabtanmu Yarabawa, gidan su Wasiu, suka ɗaure kaya cikin gaggawa, abin da mota ta ƙi ɗauka suka bar wa mutanen gida. Wata ta sami turmi, wata tukwane. Ni rabona wani kwalin sabulu ne cike da ƙananan littattafan Turanci, duk labari ɗaya ne yake ci gaba, na wasu 'yan mata ƙawaye da ke yi wa maƙwabta rainon yara bayan an tashi daga makaranta.

A gidanmu kuwa akwai 'yan raino na gaske. Iyayenmu mata tun asuba suna tashar motar Tudu suna sayar wa direbobi da 'yan dako koko da ƙosai, jarirai kuma suna hannun yayata Ƙaltume da ƙawayenta, Asana da Lamisi. Yaya Ƙaltume ita ta goya ni tun ina cikin tsumma har na taka ƙasa, ta goya ƙannena a bayana, shi ya sa ba ta taɓa shiga aji ba. Da idona ya buɗe da karatu sai na zama mai karanta musu. In hau kifaffen turmi a inuwar katangar langa-langa, su suna tsaye suna jijjiga, kowacce da goyonta, ina juya musu Turancin zuwa Hausarmu ta zango, inda na kasa in cike da yaren Ga ko in ƙago nawa. Asana takan yi dariya har da hawaye idan aka zo kan jaririn da ake turawa a keke kamar kayan miya. Yaya Ƙaltume ba ta cika dariya ba. Wuri guda take so, kuma kullum sai ta sa na maimaita shi: inda magariba ke yi, uwar yaro ta dawo, yarinyar ta miƙa mata ɗanta, ta rataya jakar makarantarta ta nufi gida. Har haushi nakan ji, don wurin babu abin dariya, babu na al'ajabi.

Ban san kwanaki masu zaƙi kamar waɗancan ba, har na taɓa cewa a kansu:

Katangar da ta ba mu inuwa ta rushe,
Famfon da muke layi a kai ya bushe,
Ƙuruciya baƙuwa ce mai saurin tashi,
Ka farka ka tarar ba ta nan, sai ƙamshi.

Na riƙe littattafan nan, na tsare su daga gara da ruwan da ke shigo mana ɗaki duk damina idan babban kwalbati ya cika. Da 'yata Nafi ta kai shekara goma sha biyu na miƙa mata su kamar mai miƙa gado. Ta haɗiye su. Ita da ƙawayenta suka fara kwaikwayo, ranar Asabar su tara 'ya'yan maƙwabta a zaurenmu suna yi musu wasa. Daɗi ya kama ni, har na riƙa faɗa a cikin dangi cewa Nafi tana da hannun raino, jariri ko yana tsala ihu ta ɗauke shi sai ya yi tsit.

To, watan jiya 'yar Yaya Ƙaltume ta haifi tagwaye a unguwar Madina, can gefen gari. Atamfa take sayarwa a kasuwa, da an yi arba'in dole ta koma rumfa. Yaya kuwa bayanta ya ƙare, ko buta ba ta iya sunkuyawa ta ɗauka. Duk da haka ta hau trotro, motar hayarmu ta nan, ta hauro tudun gidanmu tana dogara sanda, ta kawo goro da wani ƙulli. Da ta kwance sai ga tsohon majanyi na saƙi, ya koɗe, wanda ta ɗaura ni da shi. Ta ɗora mini a gwiwa. Ta ce tun da take ba ta taɓa roƙona komai ba, yau ta zo neman Nafi ta je ta yi rainon tagwayen, kuma yarinyar ta taho mata da majanyin ranar da za ta tare. Ta ce ai Madina ma akwai makaranta. Ta tafi ta bar shi.

Hajiya, kin san zango. Wadda ta goya ka ba a ce mata a'a, kuma ba yau aka fara ba goggo riƙon 'yar ƙaninta ba. Amma ni malami ne. Na san yadda kujerar yarinya take zama wayam: ta fara da makara, sai gyangyaɗi, sai fashin Litinin, sai a daina kiran sunanta. Tagwaye ne fa, ɗaya na barci ɗaya na kuka. Nafi kuwa ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu. Abin da ya fi karya ni, murna take yi. Ta riga ta haɗa kayanta, littattafan nan a sama, tana zaton Madina wani babi ne na labarin. Mahaifiyarta ta daina yi mini magana, ta ajiye tuwo ta juya. Majanyin yana kan akwatina, ko'ina na zauna a ɗakin sai in ga kamar ni yake kallo.

In na hana, na tozarta bayan da ya ɗauke ni,
In na bayar, idon ɗiyata gobe zai tuhume ni.

Arba'in ta ƙarato. Yaya zan yi?

Naki cikin gajiya,
Ɗan Goyo, Nima

*

Malam Ɗan Goyo,

Wa alaikumus salam. Baitocinka sun ratsa ni, amma baiti ba zai je Madina ba, kai za ka je.

Bari mu fara ba Yaya haƙƙinta. Ba son kai ya kawo ta ba. Mace ce da jikinta ya gaza, ga jikoki biyu, ga 'yarta da abincinta ke kasuwa. Ta duba ta ga hanya ɗaya da ta sani, wadda aka bi da ita, ta biyo. Kuma gaskiyarta, kana da nauyinta a wuya wanda ba za ka taɓa saukewa duka ba. Kada ka bari kowa, ko mai ɗakinka, ya yi maganarta da raini.

Sai dai ka lura, kai aka goya, ba Nafi ba. Ba a yanka rigar wani a yi wa wani ƙari. Tsoronka kuma ba na banza ba ne, idonka ya gani a aji. Shawarata ita ce Nafi ta zauna a gidan ubanta da makarantarta.

Amma a'a tsirara zalunci ce. Kafin ka je, ka tufatar da ita. Ka gana da mijin mai jego, domin tagwayen suna da uba da dangin uba, nauyin nasu ne kafin ya zama naka. Ku nemi dattijuwa a unguwar da za ta riƙa yini da yaran, ka sa hannunka a ciki ƙwarai, ko da za ka rage wani jin daɗi. Nafi ta riƙa zuwa ranar Asabar da lokacin hutu, ta dawo kafin magariba. Ka kai Yaya asibiti a duba bayan nan da kanka, kada ka aika. Ka kuma zaunar da mai ɗakinka ka faɗa mata abin da ka yanke, domin shirun nan nata tsoro ne ba ƙiyayya ba.

Kada ka ba kowa majanyin ya mayar, kuma kada ka rubuta mata waƙa. Ka saka shi a jakarka, ka ɗauki ɗaya daga cikin littattafan, ka tafi da Nafi. Mai yiwuwa Yaya ta yi fushi, ta kira ka butulu a gaban mutane. Ka durƙusa ka shanye, ta shanye kukanka fiye da haka.

Ka ce ba ka san dalilin da ya sa take son wuri guda a labarin ba. Malam, kai kana zaune a kan turmi, ita tana tsaye da goyo. Littafi ɗaya kuka saurara, amma ba labari ɗaya kuka ji ba. Kai ka ji ƙawance da wasa. Ita ta ji cewa akwai inda ake karɓar yaro da magariba, yarinya ta rataya jaka ta tafi abinta. Ita ba a taɓa karɓar nata ba.

Idan fushin ya lafa, ka roƙe ta ta bari ka karanta mata kamar dā, Nafi tana zaune tana ji. Da ka zo inda yarinyar ta rataya jakarta, ka rufe littafin, ka yi shiru, ka bar Yaya ta dubi 'yar ƙaninta. Ina kyautata zaton abin da ka kasa furtawa, ita za ta furta shi da bakinta.

Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya raya tagwaye, Ya yi wa karatun Nafi albarka, kai kuma Ya sauke maka gajiyar nan.

Hajiya Luba