Katakon da Muka Shafe da Fenti: Ta'aziyyar Maestro Floridor Maripán Ulloa

Cikin alhini, da wani nauyi a zuci da ba mu san inda za mu sauke shi ba, Ƙungiyar 'Yan Sa-kai ta Jirgin Ceto ta Caleta Las Pardelas, a madadin Shugabarta, da Kwamitin Gudanarwa, da Majalisar Dattawan Masunta, da ɗaukacin matuƙanta na da da na yanzu, tana sanar da jama'ar wannan gaɓa tamu da ta maƙwabta cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, tsohon Kyaftin ɗin jirgin ceto, Mamba na Girmamawa, kafintan jiragen ruwa na ƙarshe da ya rage mana, Maestro Don Floridor Maripán Ulloa, wanda babba da yaro suka fi sani da Don Floro. Rai ya yi halinsa da hantsin jiya Litinin, tara ga watan Yuni, a gidansa da ke hawan makabarta, yana da shekara saba'in da tara, bayan ya sha fama da ciwon ƙirji. Ya bar 'yarsa Doña Nolfa Maripán, da jikoki huɗu, da matar marigayi yayansa, Doña Clorinda Antilef, wadda ya riƙe tamkar uwa tun tana da ƙuruciyarta har idanunta suka daina gani.

Marigayin ya shiga wannan ƙungiya yana ɗan shekara ashirin, ya yi mata hidima shekara arba'in da ɗaya, goma sha tara daga ciki yana Kyaftin, kuma babu wani gida a wannan gari da zai ce bai taɓa tsayawa bakin ruwa yana jiran Don Floro ya dawo masa da nasa ba. Babu kwale-kwalen kamun kifi a gaɓar nan da hannunsa bai taɓa ba. Ba mai yawan magana ba ne, idan kuma ya yi, ba kasafai take zuwa da zuma ba. Duk wanda ya koyi ɗaurin igiya a wurinsa ya ji wannan: “Wannan ƙullin ko akuyar kakarka ba zai riƙe ba, kwance ka sake.” Ni da nake sa hannu a wannan takarda na fi kowa shan nawa, domin duk ranar da na kusanci kayan aiki sai ya ce, “Kai Aliro, je ka riƙe bironka, bar wa masu hannu igiya.” Mun yi dariya, mun ji haushi, mun kuma iya aikin.

Bisa al'ada, a nan ne irin wannan takarda take yin addu'a ta rufe. Amma Kwamitin Gudanarwa ya zauna da safiyar yau, ya kuma umarce ni, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba, da in faɗa wa jama'a abin da ya shiga tsakaninmu da marigayin a watanninsa na ƙarshe, domin mun yi masa laifi, kuma ba mu ga dacewar mu yabe shi a takarda mu ɓoye namu ba.

Dattawa sun san labarin Golondrina, jirgin cetonmu na farko mai filafilai, wanda ya fita cikin iskar arewa a hunturun 1968 don ya taro wasu masunta, ya kife a bakin duwatsu da mutum takwas a ciki. Biyu ruwa ya tofo, ɗayansu Don Floro. Shida teku ya riƙe, cikinsu har da yayansa Rosamel, matuƙin jirgin, wanda bai cika shekara da auren Doña Clorinda ba. An yi musu zaman makoki a kan tufafinsu, an binne tufafin cikin fararen akwatuna a kan tudu, yadda muke yi wa duk wanda ba a ga gawarsa ba. Bayan shekara uku Don Floro ya sassaƙa samfurin Golondrina mai tsawon mita uku, ba zane, ba hoto, daga abin da ya rage a kansa kawai, da kujerunsa da filafilansa da komai. Shi ne muka riƙa ɗauka a kafaɗa, mutum shida, kowane bikin San Pedro, waliyyin masunta, muna zagaya gari da shi bayan mutum-mutumin waliyyin. A kwanar coci akan tsaya, masu gefen hagu su ɗan rusuna, waɗansu tsofaffin mata su matso su miƙa hannu. Ni kaina na ɗauki jirgin nan sau huɗu ina saurayi, amma kullum a gefen dama, kuma ban taɓa tambayar abin da suke taɓawa a can ba.

Da teku ya shigo gari bayan girgizar ƙasar 2010, ya fasa ƙofar ofishinmu, ya buga samfurin da bango, ya karya masa haƙarƙari. Muka kwashe shi muka ajiye a rumfar baya, ƙarƙashin kwano mai yoyo, muka ce sai an natsu. A taronmu na kowace shekara, shekara goma sha huɗu a jere, Don Floro yana miƙewa da hularsa a hannu yana cewa, “Ku ba ni jirgin nan in gyara tun ina da idanu.” Sau goma sha huɗu muna ce masa an ji, za a duba, amma ga injin jirgin ceto, ga rediyo, ga rufin ofis. Duk gaskiya ne, kuma duk jan ƙafa ne, domin abin da ya nema bai wuce mutum shida da mota ɗaya na rabin yini ba. Sai bara, da muka ga bikin cikar ƙungiya shekara sittin da biyar ya matso muna son abin nunawa, sannan muka kai masa shi gida. Wannan ma mun rubuta shi a nan don kada a ce ba mu sani ba.

Wata goma ya yi a kansa. Ya cire katakon da ƙwari suka ci, ya turara sabo ya lanƙwasa, ya buga ƙusoshin tagulla ɗaya bayan ɗaya, ya sake fere filafilai. Fenti kaɗai ya rage sa'ad da ƙirjinsa ya kai shi asibiti a birni cikin watan Afrilu. A nan ne muka yi shawarar da har yau take hana mu ɗaga kai. Muka ce bari mu ƙarasa masa, ya dawo ya tarar da abin farin ciki. Mu bakwai muka shiga rumfar aikinsa wata Asabar da Lahadi, 'yarsa tana can tana jinyarsa, babu wanda muka tambaya. A gefen hagu, tsakiyar sabon katako mai ƙamshi, muka ga wani guntu guda, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ya yi toka-toka, duk kaushi, da hujin tsofaffin ƙusoshi guda uku. Muka ce ai tsohon bai samu ya canja wannan ba ciwo ya kama shi. Muka toshe hujin, muka bi shi da samfefa har ya yi sumul, muka shafa masa jan fenti sau biyu kamar sauran. Ni ne na riƙe samfefar, ni ne kuma na riƙe buroshin. Da muka gama muka ci soyayyen kifi, muka ɗauki hoto, bakin kowa har kunne.

Ranar ashirin ga Mayu aka dawo da shi gida, muka taru muka yaye masa ƙyallen da muka lulluɓe jirgin da shi. Bai dubi gaban jirgin ba, bai dubi sunan da muka rubuta da kyau ba. Ya dogara sandarsa ya zagaya gefen hagu, ya ɗora tafin hannunsa, ya yi ta shafawa yana nema. Can ya ce, “Kun yi ƙoƙari, yara. Wa ya yi wannan gefen?” Na ce ni ne, har da buga ƙirji. Ya dube ni ya ce, “Hannunka ya faɗa, Aliro, ashe ba biro kaɗai ka iya ba.” Shi ne yabon farko da ya taɓa yi mini a duniya, na kuwa tafi gida da shi ina murna. Muna fita muka ji yana ce wa 'yarsa ta samo masa kwalbar da babu komai a ciki.

Doña Nolfa ce ta zo ofis washegari ta faɗa mana, a tsaye, ta ƙi zama. Wannan guntun katako shi ne kaɗai abin da teku ya dawo da shi daga ainihin Golondrina. Babanta ya tsince shi a yashi kwana tara bayan hatsarin, ya dasa shi a jikin samfurin, bai taɓa bari fenti ya hau shi ba. Shi matan mamatan suke taɓawa a kwanar coci. Biyar daga cikinsu sun rasu a cikin shekarun nan da muke cewa za a duba, saura Doña Clorinda, wadda ta kai tamanin, ba ta gani, da yatsu take gane katakon, tana ƙirga hujin uku. Shekara goma sha biyar tana tambayarsa, “Floro, yaushe ne?” Bana ya yi mata alkawari. “Ai da kun tambaya,” in ji Doña Nolfa. “Waya ɗaya ce fa.”

Mun je mun ba shi haƙuri, mun roƙe shi ya bari mu kawo maganin cire fenti ko inji mu gyara ɓarnarmu. Ya ƙi. Ya ce katakon ya tsufa, magani zai cinye shi, inji kuma zai ƙarasa abin da muka fara. Ya ce, “Kun taimaka sau ɗaya, ya isa haka, Allah ya yi albarka.” Ya fasa kwalbar nan, ya zauna a kan kujera da bargo a kafaɗa, yana kankare fentin da ɓallin gilashi a hankali, yini ɗaya abin da bai fi faɗin farce biyu ba, tari na tsayar da shi yana ci gaba. Kwana goma sha tara ya yi a haka, yana tsere da ranar bikin San Pedro, ashirin da tara ga Yuni. Ƙarfin da likita ya ce ya adana don numfashi, a wannan katako ya ƙarar da shi, kuma mu ne muka ɗora masa aikin. Ya bar wuri kamar faɗin tafin hannu a buɗe, da huji ɗaya da ya tono. Kaushin da teku ya bar wa katakon kuwa, wanda na goge da hannuna, babu mai iya dawo da shi.

Saboda haka wannan Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta, tare da neman gafara a bainar jama'a, ga Doña Nolfa Maripán da 'ya'yanta, ga Doña Clorinda Antilef, ga iyalan mutum shidan Golondrina, da dukkan masuntan wannan gaɓa. Muna roƙon Allah Maɗaukaki ya jiƙan bawansa Floridor, ya ba shi hutawa ta har abada, ya haɗa shi da yayansa da ya yi shekara hamsin da bakwai yana kewa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya koya mana tambaya kafin mu kai hannu. Za a yi masa addu'a a cocin gari gobe Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, daga nan a haura da shi tudu. Ana umartar kowane mamba ya zo cikin rigar aiki, tuta kuma za ta zauna a rabin sanda har ƙarshen wata.

Abu ɗaya ya rage mu sanar. Kwamiti ya so ya nemi izinin iyali ya ƙarasa kankare katakon da gilashi, yadda marigayin ya faro, kafin ranar biki. Jiya da la'asar, ana cikin zaman makoki, Doña Clorinda ta sa aka kama hannunta aka kai ta rumfar aikin. Ta shafa gefen hagu, ta wuce santsin fentinmu, ta sami wurin da ya buɗe, ta sa ɗan yatsa a hujin. Ta ce, “Ɗaya. Ina biyun?” Na matsa na faɗa mata ni ne na toshe su, na kuma faɗa mata abin da muke so mu yi. Ta daɗe tana bin gefen fentin da yatsa, daidai inda gilashin ya tsaya, sannan ta ce, “A'a, ɗana, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Ku bar shi inda Floro ya tsaya. Da na Rosamel ne shi kaɗai, yanzu na su biyu ne.”

Ƙungiya ta karɓi wannan a matsayin umarni. Ranar Lahadi, ashirin da tara ga Yuni, samfurin Golondrina zai fita bayan mutum-mutumin San Pedro yadda yake a yau, da jan fentinsa da tabonsa, kowa ya gani. Za mu tsaya a kwanar coci har sai Doña Clorinda ta janye hannunta da kanta. Na roƙi Kwamiti ya ba ni gefen hagu, kuma ya ba ni.

Sa hannu:
Aliro Cárcamo Neira
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar 'Yan Sa-kai ta Jirgin Ceto ta Caleta Las Pardelas
Talata, 10 ga Yuni, 2025