Ba Zan Ba Shi Haƙuri Ba

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya Inna da yara? Mu ma lafiya lau a nan garin Cheras.

Jiya abokin maigidana ya zo cin tuwo, yana ta cika baki wai ƙaramin harsashi mai gudu ya fi kayar da ɓauna. Na ajiye littafina na ce, "Malam, ƙarami a kafaɗa yake tarwatsewa, mai nauyi ne ke fasa ƙashi." Ya ce a littafin soyayya na karanto. Na ce a'a, a tabon da ɓauna mai rauni ta bar wa mahaifina a cinya na karanto.

Maigida ya ce in ba shi haƙuri. Baba, ba zan bayar ba. Ka sa mu a addu'a, a gaida kowa.

'Yarka,
Hauwa