Na Sa Maɓallin Biya, Sai Ga Sunan Wadda Ta Koya Min Ɗinki

Anti, don Allah ki agaje ni da shawara kafin ƙarshen makon nan. An sa min wa'adi a gidanmu, ni kuma na rantse ba zan bi ba, amma tun da na yi rantsuwar nan, abinci ya daina min daɗi.

Ni tela ce, shekarata goma sha ɗaya a kan keke, kuma kayan yara ne sana'ata. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keke biyu ne a ciki, sai teburin yanka wanda ƙafarsa guda ba ta tsayawa sai an cusa mata kwali. Ba yabon kai ba, abin da Allah ya ba ni shi ne yanka. In na yanka hannun riga, zai zauna a kafaɗar yaro ɗas, ba ya tattarewa a hammata. Da can teloli 'yan'uwana kan zo aron takardun da nake yanka a kansu, wasu su dawo da su a yage, wasu kuma har yau ina jira. Shi ne na zage na koyi zana su a kwamfuta. Shekara biyu ina fama. Yanzu mutum zai karɓi fayil, ya buga a takarda, ya manne shafukan da gam, ya ɗora a kan yadi ya bi layi da almakashi. Kowane zane sai na ɗinka shi sau huɗu ko biyar a kan ragowar yadi kafin in yarda ya fita.

Da farko ta waya nake sayarwa, kuma wahala ce zalla. Mutum zai fara da gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi maigida, sannan ya ce a rage masa. In mun daidaita in tura lambar asusu, ya turo hoton shaidar biya, in duba, sannan in tura fayil. Wannan masu biya ke nan. Dangi da ƙawaye kuwa kalmarsu ɗaya ce, wai in turo su gani. Wa ya taɓa gani ya dawo da shi? Babbar mai wannan hali yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ba ta ɗinki, ko maɓallin riga ya cire sai ta aiko min, amma duk zanen da na fitar sai ta karɓa ta raba wa matan ƙungiyarsu, ana ta yi mata godiya da addu'a. Ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki.

Ranar da tura ta kai bango, ina yanka wa wata mata yadin 'yarta mai tsada, wayata na ta ƙara, ina amsawa da hannu ɗaya. Sai da na ɗaga na ga na yanka hannun hagu guda biyu. Na sayi wani yadin da kuɗina, na ba da haƙuri, na kuma ce an gama.

Akwai wata da nake yi wa 'ya'yanta ɗinki, aikinta haɗa shafukan intanet. Ita ta buɗe min shafi, ta jera zanena da hotuna, ta sa wani koren maɓalli a ƙarƙashin kowane ɗaya, an rubuta a jikinsa a biya a sauke. Mutum ya danna, ya sa katinsa, fayil ya sauko masa nan take, ni kuma saƙo ya shigo min da sunansa. Anti, ranar da saƙon farko ya shigo ina tsaka da guga, daga wata da ban taɓa jin sunanta ba, ba gaisuwa ba roƙo, sai da na ajiye dutsen gugar na taka rawa ni kaɗai a shago. Da Yaya ta sake cewa in turo, na ce mata yanzu komai yana hannun na'ura, ni kaina ba ni da ikon fitarwa. Na san ƙarya na yi, amma ta yi min amfani.

To, ga inda aka samu matsala. Sati uku da suka wuce, da hantsi, saƙo ya shigo, na duba sai na ga sunan Inna. Ba mahaifiyata ba ce, matar da ta koya min ɗinki ce, haka duk muke kiranta. Shekara huɗu na yi a gabanta ba ta karɓi ko sisi a hannun iyayena ba. Ita ta fara riƙe hannuna a kan almakashi, ita ta sha ƙwala min tef ɗin awo a bayan hannu in na yi ha'incin layi, kuma keken da na fara buɗe shago da shi nata ne. Wannan matar ce ta shiga shafina ta danna maɓalli ta biya cikakken kuɗi, kamar baƙuwa. Ba ta kira ni ba, ba ta aiko kowa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wautar da na yi ita ce na nuna wa Yaya saƙon. Kafin la'asar duk dangi sun ji wai na sayar wa Inna ilimin da ta ba ni kyauta. Yaya ta ce wannan biyan mari ne Inna ta yi min cikin hikima irin ta manya, kuma duk ɗan halak zai gane. Yanzu ta yanke hukunci: in cire maɓallin, in mayar wa Inna kuɗinta, ranar Asabar ta kai ni in durƙusa. In na ƙi, ta ce kada in ƙara kiranta yayata.

Ni kuma ba zan cire ba, Anti. Ko za a taru a kaina ba zan cire ba. Inna ta koya min yanka, gaskiya ne, har in mutu ba zan iya biyanta ba. Amma ba ita ta zauna shekara biyu tana koyon kwamfuta har idonta na ruwa ba, ba kuma Yaya ba ce. Mai fenti da ke kusa da ni ba wanda ke ce masa ya ba da galan a gani. Don nawa kayan ba ya da nauyi a hannu, shi ke nan ya zama ruwan rijiyar unguwa? Kunyar mara kunya asara ce, na yi asarar ta ishe ni. Maigidana ya ce in bi a hankali, na ce masa shekara nawa ina bi a hankali, me na tsinta?

Sai dai abin da ban gaya wa kowa ba, shekaranjiya sunan Inna ya sake shigowa. Ta sayi na biyu, rigar 'yan shekara shida mai kwala. Na ɗauki waya in kira ta ya fi sau goma ina ajiyewa. Rabon da in je gidanta tun kafin in buɗe shafin, a lokacin ma na tarar ta sa maƙwabciya tana zura mata zare a allura, tana ta mita wai allurar zamani ce ba ta da ido. Ina son matar nan, Anti, ina tsoron ta bar duniya tana fushi da ni. Amma in sai na rushe abin da na gina sannan za a ce ni 'yar kirki ce, to a bar ni a marar kirkin. Ki gaya min gaskiya ko da ɗaci, ni ce mai laifi?

Taki,
Telar da ta gaji da a turo a gani

*

'Yar'uwa Tela,

Kada ki cire maɓallin. Na fara da wannan ne don ki sauke kafaɗa ki saurari sauran, domin sauran ba duka zai yi miki daɗi ba.

Aikinki aiki ne, ko ana ɗaukarsa a buhu ko yana saukowa ta waya. Wanda aka koya wa sana'a don ya ci abinci da ita aka koya masa, ban kuma taɓa jin malamin da ya ba da keke da sharaɗin a yi ta ɗinki kyauta ba. Ki lura da wani abu: a duk masu cewa ki cire, babu Inna. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce wadda maɓallin ya toshe wa hanyar yin kyauta da gumin wani. Ban ce Yayarki muguwa ba ce. Ta saba ne, kuma ke kika saba mata da shirunki.

Amma maganarta ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Inna tana da haƙƙi a kanki wanda baƙuwar da ta sa ki rawa ba ta da shi. Kin buɗe sabon shago, don shafin nan shago ne, ba ki je kin nuna wa wadda ta riƙe hannunki ba, ba ki ce ta sa miki albarka ba. A bakin wasu ta ji, ko a waya ta gani. Laifinki ke nan, kuma koren maɓalli bai da hannu a ciki. Sati uku kuma kina kallon sunanta kina ajiye waya, wannan ya fi na farkon nauyi.

Me Inna take nufi da biyan? Ban sani ba, ke ba ki sani ba, Yaya ma ba ta sani ba, fassara kawai take yi. Mai yiwuwa gori ne. Amma mai gori sau ɗaya yake yi, ya kuma tabbatar an ji. Wadda ta dawo a ɓoye ta zaɓi rigar 'yan shekara shida mai kwala ta fi kama da mai aiki a gabanta. Matar da zare ya fara gagararta, layin alli ma zai iya gagararta. Ki yi tunanin nauyin da ke kan malama ta buɗe baki ta ce wa ɗalibarta ta taimaka mata da yanka. Wataƙila maɓallin da ya raba ki da kunyar dangi ita ma ya raba ta da kunyarki. Saboda haka ki kiyaye, kada ki kuskura ki mayar mata da kuɗi ta na'ura. In ta biya ne don ta tsare mutuncinta, mayarwar ita ce marin.

Ga abin da za ki yi. Ki je gidanta kafin Asabar, ke kaɗai, ba da rakiyar mai gabatar da ƙara ba. Zumunta a ƙafa take. Ki zaɓi zanenki mafi kyau, ki buga shi a takarda mai kauri da layi baƙi ƙirin, ki manne, ki yanke da hannunki, ki naɗe ki kai mata. Kada ki ce kyauta kika kawo. Ki ce kin kawo ne ta duba miki aiki, kuma ki faɗe shi da gaske, don na tabbata za ta samo abin gyara. Maganar kuɗin ki bar ta sai in ita ta tayar.

Sai Yaya. Ƙaryar nan ta na'ura ki janye ta. Maɓalli yana karɓar kuɗi, amma ba zai iya ce wa 'yar'uwarki a'a a madadinki har abada ba, kuma ranar da ta gano, gaskiyarki duka za ta bi ruwa. Ki same ta cikin ladabi, ki ce kina da ikon turawa, kin daina ne, ga kuma dalili. Za ta yi fushi. Fushin uwa ɗaya uba ɗaya yana da tsawo, amma ba kasafai yake kai wa inda ake tsoro ba.

A kan shafin kuma, ki koma wurin wadda ta haɗa miki shi. Ta yi miki lambar sirri ta sauke zane kyauta, da za ki riƙa ba wanda ranki ya so, mai aiki sau ɗaya, don kyauta ta zama ke kika yi, ba ƙwata aka yi ba. Ta sa sunan mai saye ya riƙa fitowa a gefen kowane shafi na fayil, hakan yana rage yawo da kayan mutane. Ki ajiye zane ɗaya mai sauƙi kyauta ga kowa, duk mai son ya gani ga abin gani nan. Lambar wayarki kuma ta fito fili kusa da maɓallin, saboda wanda ya biya fayil bai sauko ba ya san akwai mutum a bayan shafin.

Kin tambaye ni ko ke ce mai laifi. A kan sana'arki ba ki da laifi, ki tsaya da ƙafarki. A kan Inna kina da shi, kuma bai fi ƙarfin tafiyar yini ɗaya ba. Idan kin je ta rufe ki da faɗa, ki sunkuyar da kai ki shanye, ita kaɗai ce a duk labarin nan ta cancanci ki durƙusa mata. Tsofaffi ba sa jiran sai mun gama shiri, 'yar'uwa. Ki tafi gobe.

Allah ya sa ki same ta lafiya, ya sanya albarka a hannunki da kasuwarki, ya kuma huci zuciyar Yaya.

Antinku