Bangon da Iliyasu Bai Ƙarasa Ba

Inna Sauda, don Allah ki taimake ni, ko da za ki ce abin bai kai ya kawo ba.

Shekara goma sha ɗaya maigidana Iliyasu yana min alkawarin fenti a ɗakina. Bana, da taki ya gagare mu, gero ma sai awo, ya sayar da bunsurunsa a kasuwar Ɗambatta ya dawo da bokitin fenti. Na yi ta faɗa, na ce fentin za mu tuƙa? Dariya kawai ya yi. Ya shafe bango uku, fentin ya ƙare a tsakiyar na huɗu. Kafin ya ƙaro, zazzaɓin kwana shida ya tafi da shi. Wallahi faɗan nan har yau yana cin raina.

Yanzu na fita takaba. Ƙaninsa Mati ya kawo min kala biyu a murfin kwalba, ruwan madara da wani da ya ɗan fi shi haske. Na ɗiga kowanne a bango. Da safe na farkon ne yake kama da na Iliyasu, da la'asar kuma na biyun. Bokitin kuwa tuni na mai da shi na ban ruwan kaji, takardar jikinsa ta ɓare. Mati ya ce tunda an kasa ganewa, jibi zai shafe ɗakin gaba ɗaya. Ni kuwa ba na so a rufe hannun mijina. Inna, wanne ne nasa?

Mai bango uku da rabi, ƙauyen Ɗambatta.

'Yata, Allah ya jiƙan Malam Iliyasu. Abin ya kai, har ya kawo.

Babu nasa a cikinsu. Wata huɗu da kwana goma kina ɗakin nan da hayaƙin garwashi da na fitila, kalar da ke bangon yanzu ba a sayar da ita a kasuwa. Ki huta da wahalar da idonki.

Mai hasken ya fi haska ɗaki, amma hayaƙi yana saurin nunawa a jikinsa. Ruwan madara ya fi haƙuri, kuma shi zai fi sajewa da tsohon. Shi za ki ɗauka.

Mati ba cuta yake nufi ba, alkawarin wansa yake so ya cika. Ki gode masa, ki ce rabin bango kaɗai ya rage a alkawarin. Ya fara daga inda burushin Iliyasu ya tsaya. Idan layin da sabon fenti ya haɗu da tsohon ya fito, ki bar shi ya fito.

Faɗan kuwa, wanda ya amsa miki da dariya bai tafi da shi a ransa ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya haskaka kabarinsa.