Baba Mai Kwano Ya Tafi Ya Bar Mana Kwalabensa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da mutuwar jiki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Masana Ilimin Ƙwari, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Kwamitin Amintattunta, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin 'ya'yanta na kusa da na nesa, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ta, tsohon Shugabanta, Shehin Malami, Farfesa a fannin rarrabe jinsin ƙudaje, wanda babba da yaro suka fi sani da Baba Mai Kwano. Allah ya karɓi abinsa a asibiti bayan doguwar jinya. Ya bar mai ɗakinsa, wadda dukanmu muke kira Mama, da 'ya'ya da jikoki, da kuma ɗaki guda cike da kwalaben ƙudaje da ya shafe rayuwarsa yana tarawa, waɗanda babu wanda ya bari da zai gaje su.

Gaskiya wannan ofishi ya gaji da rubuta irin wannan takarda. A 'yan shekarun nan, saƙonnin ta'aziyyar da muka fitar sun fi takardun maraba da sababbin 'yan ƙungiya yawa, kuma duk wanda ya rasu a cikinmu sai mu rubuta cewa ya bar giɓi mai wuyar cikewa, har maganar ta zama faɗar baki. Wannan karon ba faɗar baki ba ce. Mun duba gabas, mun duba yamma, mun buga waya har kunne ya yi zafi, ba mu samu mutum ɗaya da zai iya aikin da marigayin yake yi ba.

Ga waɗanda ba su san aikin nasa ba, ƙudajen da Shehin Malamin ya ba wa rayuwarsa ba irin na bola da bakin kwata ba ne. Wasu 'yan mitsil-mitsil ne masu dogayen ƙafafu, jikinsu kore yana ƙyalli kamar sabon kwano, ana samunsu bisa ganye a wurare masu laima na ƙasashe masu zafi. Ba sa cizon mutum, ba sa sauka a kan abinci, ƙananan ƙwari 'yan uwansu suke farauta. Irinsu yana da yawan gaske, kuma ido bai isa ya bambanta su ba sai an sa su ƙarƙashin madubin likita an dubi namijin, domin shi ne mai ado a ƙafa da fiffike, kowane iri da nasa. Matan kuwa sau da yawa kamarsu ɗaya. Saboda haka marigayin bai taɓa yarda ya raɗa wa wani iri suna ba sai ya ga namijinsa da idonsa, ko da takwarorinsa za su yi ta matsa masa ya wallafa abin da ya samu. Idan ɗalibi ya nuna masa kwalbar da mata kaɗai ke ciki, sai ya mayar da ita kan kanta ya ce, "Waɗannan su zauna tukuna, ɗana. Ban san gidan da suka fito ba sai na ga maigidan." Da yawansu suna nan zaune har yau.

Burinsa shi ne ya san inda kowane iri yake zaune da inda ya tsaya: wanne ne ba ya barin inuwar kurmi, wanne ne ke bin bakin kogi har cikin ƙasa mai fari, wanne ne sai kan tsauni. Mutum ɗaya ba zai iya wannan yawo ba, shi ya sa ya fito da dabarar da ta ba shi laƙabinsa. Duk ɗalibin da ya gama karatu a hannunsa, malamin gona ne ko malamin makaranta ko ma'aikacin gandun daji, ba ya barin ofishinsa sai da tarin kwanonin roba masu ruwan ɗorawa. Sai ka zuba ruwa a kwanon, ka ɗiga sabulu, ka ajiye a gindin ciyawa. Launin ne ke jawo ƙudan ya faɗa ciki. Ka tace, ka juye a 'yar kwalba mai ruwan sifirit, ka jefa 'yar takarda mai sunan wurin da watan da aka kama su, sannan ka ba direba ya kawo. Da fensir ake rubutun, domin sifirit yana narkar da tawada, kuma duk wanda ya taɓa rubutawa da biro bai manta faɗan da ya sha ba. Ta wannan hanya aka yi shekaru masu yawa kwalabe suna zuwa daga wuraren da Baba bai taɓa taka ƙafarsa ba.

Ya yaye ɗalibai da dama, a cikinsu yau akwai farfesoshi da daraktoci da kwamishinoni, amma kowa ya bi inda aiki yake: wannan sauro, wancan fara, wani tsutsar hatsi. Ƙudan da ba ya cizo kuma ba ya cin amfanin gona ba ya samar wa kowa kujera. Da Baba ya yi ritaya, cibiyar da ya yi wa hidima ta buƙaci ɗakin bincikensa, wanda a yanzu karyayyun kujeru ne a ciki, sai ya kwashe kwalaben ya kai gidan da cibiyar ta bar masa ya zauna muddin ransa. Suka cinye ɗakin da Mama ta so ta mayar falonta.

Jama'a su sani cewa waɗannan kwalabe ba kaya ba ne da za a kulle a manta. Sifirit yana tsotsewa a hankali, kuma idan kwalba ta bushe, ƙudan ya ƙandare, ƙafafun su kakkarye, shi ke nan aikin ya tashi a banza. Tun da hannun marigayin ya fara rawa, Mama ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya tana ƙara musu sifirit, ga ciwon baya ga ido ya yi rauni. Yanzu da zarar ta fita takaba za ta bar gidan, ta koma ɗaki ɗaya a gidan babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya mai ƙananan yara. Kuma kwalabe ba su daina zuwa ba. Muna zaune a wurin gaisuwa wani direba ya yi sallama da kwali a kafaɗa, yana tambayar ko Mai Kwano na ciki.

Tawagar ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaba ta koma gidan daga baya don jin ra'ayin iyali. Mama ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce, "'Ya'yana, wallahi na gaji. Idona ba ya ganin bakin kwalbar ma yanzu. Amma ni dai ba zan iya zubar da su da hannuna ba. In zubarwa za a yi, ku da kuka san darajarsu ku zo ku zubar."

Bayan dogon zama, Majalisar Dattawa ta yanke shawarar da ba ta yi wa kowa daɗi ba. Tana umartar duk wanda ke riƙe da kwanon Baba, a duk inda yake, da ya ɗauke shi daga gindin ciyawa ya daina aiko da komai, domin babu mai dubawa. Kwalaben da ke gidan marigayin kuwa, tunda mun nemi cibiya ko jami'ar da za ta karɓe su gaba ɗaya ba mu samu ba, an raba su kwali-kwali tsakanin 'yan ƙungiya, kowa ya kai gidansa ya riƙa ƙara musu sifirit. Mun san marigayin ya sha hana a raba su, yana cewa amfaninsu yana cikin a jera wannan kusa da wancan a gwada. Mun saɓa masa muna sane, domin ba mu ga wata mafita ba. Mai sa hannu a wannan takarda ma ya ɗauki nasa kwalin, yana nan ƙarƙashin gado, kuma bai san sunan ko ɗaya daga cikin abin da yake ajiye da shi ba.

Ranar da aka fitar da kwali na ƙarshe, babbar 'yar marigayin ta ɗauko tsintsiya za ta buɗe taga ta share ɗakin. Mama ta tsayar da ita a bakin ƙofa ta ce, "Shekara da shekaru ina faɗa da babanku a kan warin nan. Bar tagar a rufe, kada ya fita. Kwana nawa ya rage mini a gidan?"

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Mama, da 'ya'yan marigayin da jikokinsa, da 'yan uwa da abokan arziki, da tsofaffin ɗalibansa a duk inda wannan saƙo ya riske su. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan rashi, ya saka wa Mama da alheri bisa ɗawainiyar da ta yi. Mu kuma da muka rarraba wannan ajiya a gidajenmu, yawancinmu gemu ya yi fari, Allah ya kawo wanda zai ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce a ba shi ita tun muna da ran da za mu miƙa masa.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
A madadin Shugaba da Majalisar Dattawa,
Ƙungiyar Masana Ilimin Ƙwari.