Shanun Barkindo

Bosso, Minna
Lahadi, 6 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Uthman,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗalibanka na ƙauyen da bautar ƙasa ta kai ka. Ya ruwa, ya baƙunta? Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko ka fara iya cin abincinsu. Mu nan lafiya lau, sai zaman jiran sunana ya fito a jerin shiga jami'a. Tunda ka ce waya ba ta kamawa sai ka hau tudu, na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo, ka karanta ran da ta shiga.

Wasan da ka bar mini yana nan. Muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a shagon Ndakotsu, ya ture injin fotokwafi mu shimfiɗa taswira. Hajiya har yanzu tana zargin caca ce. Na sake yi mata bayani: ni ke ba da labari, kowa da gwarzonsa a ciki, dayis, ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa, ke yanke abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba, kuma zinariyar da ake samu a baki kawai take. Ta ce to me ya sa nake ramewa a kanta.

Maganar abokinmu Ladan ce ta sa na ɗauki biro. Ka san ya ajiye karatu tun da ɓarayi suka kore shanun mahaifinsa daga rugarsu ta bayan Garatu. Abin da ba ka sani ba shi ne abin ya ƙaru bayan tafiyarka. Inna Dije, matar kawunsa da yake zaune wurinsu a Maitumbi, ta ce mini ban da masallaci ba ya fita ko'ina sai wurinmu. Ran Asabar ne kawai yake wanka da wuri, ya goge riga, ya tari keke napep. A teburinmu shi ne Barkindo, maharbin nan mai kwari da baka, kuma a nan kaɗai nake jin muryarsa ta tashi.

Jiya suka kashe dodon tsohuwar rijiya. Ban manta dokarka ba: a ba 'yan wasa abin da zai gyara musu makami ya kai su gari na gaba, kada ya wuce haka. Na duba jadawalinka tun da safe, zinariya ɗari uku ce za su raba su uku. Amma kibiyar Barkindo ce ta gama da dodon, Ladan ya miƙe yana dariya yana dukan tebur, sai na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kafin in yi tunani, bakina ya ce ƙafar Barkindo ta bugi wata tukunya a cikin taɓo, da zinariya dubu tara a ciki.

Rebecca, abokiyar wasanmu, ta ajiye biskit ɗinta ta ce, "Oga Taufiq, wannan ojoro ne, maguɗi zalla. Ni na sha cizo, shi ya taka tukunya?" Ndakotsu ya ce a bar wa mai ƙafa rabonsa. Ladan ya daina dariyar, ya rubuta adadin a takardar gwarzonsa.

Ninki talatin ne na abin da ya dace, na lissafa. Yaya, na ɓata wasan ne? Ka gaya mini yadda ake gyarawa ba tare da ya ji kunya ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka,
Taufiq

Bosso, Minna
Lahadi, 20 ga Yuli

Yaya Uthman,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan zazzaɓin da ka ambata ya sake ka. Don Allah ka shanye maganin duka, kada ka tsaya don ka ji sauƙi. Hajiya ta ce ka rataya gidan sauro.

Amsarka ta shigo, na gode. Ka ce hanya biyu ce: ko in kawo abu mai tsada da zai so ya saya, ko in turo ɓarayi su rage masa kaya, ya tashi ya bi su. Ka ce kowane mai ba da labari ya taɓa yin wannan kuskure, kada in hana kaina barci. Sai dai amsar ta zo a makare.

Asabar ɗin da ta biyo bayan tukunya, na tanadi bakan tsafi a hannun wani maƙeri, na sa masa kuɗi mai yawa. Ladan ko tayawa bai yi ba. Ya tambaye ni nawa saniya take a wannan ƙasar. Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma ka san ni. Na auna da farashin doki da na buhun gero da ke cikin littafin dokoki, na fitar masa da farashi na gaskiya. Ya sayi garke guda. Bai saya a dunƙule ba, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kira: fararen bunaji, jajayen rahaji, wani bijimi mai karyayyen ƙaho, wata tsohuwar saniya da ya ce ba ta yarda kowa ya tatse ta sai mace. Rebecca ta fara yi masa tsiya, ta kalli fuskarsa ta daina.

Ya ba gwarzon Rebecca karsana, ya ba na Ndakotsu. Sannan ya ce Barkindo ya rataye baka, ya kora shanunsa zuwa rugar babansa. Na ce akwai labarin wani kogo a gabas. Ya ce, "Don shanu ya fito, Taufiq. Ya samu. Me zai nema a kogo?" Na ce to ya ƙirƙiri sabon gwarzo. Ya ce ba ya jin akwai wani a cikinsa. Ya tura mini dayis ɗin da ka ba shi aro, ya yi mana sallama kamar kullum.

Jiya bai zo ba. Mun jira har aka kira magariba.

Saura ɓarayinka. Na san kana maganar wasa ne, ba ka haɗa ta da maganar shanun mahaifinsa ba. Na gwada, wallahi. Na zauna na tsara su, yawansu, hanyar da za su bi, inda za su ɓuya. Na tabbata zai yi aiki: in ya ji an taɓa garken, zai zo. Amma da na kai inda za su buɗe shinge, hannuna ya ƙi. Ta yaya zan dubi Ladan in ce masa an kore shanun?

Ka gaishe da mutanen gidan da kake.
Ƙanenka,
Taufiq

Bosso, Minna
Lahadi, 10 ga Agusta

Yaya Uthman,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da ka warware. Ruwa ya yi yawa a nan, hanyar Maitumbi duk ta farfashe. Kowa lafiya. Sunana bai fito ba tukuna.

Ladan bai dawo ba. Rebecca ta kira shi, ta yi zagi ta yi lallashi, ya ce ta gaishe da kowa. Mu uku wasan ba ya tafiya, kujerarsa Ndakotsu ya ɗora mata takardu.

Jiya na je Maitumbi. Inna Dije ta tare ni a ƙofa ta tambaya ko faɗa muka yi, don yanzu ko Asabar ɗin ba ya goge riga. Ban san yadda zan gaya mata cewa kyauta na yi masa ba.

Na same shi kwance, taga a rufe. Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni. Ya ce tun ranar ya gane, babu tukunya a rijiyar nan sai da na kalle shi. Ya ce bai ji haushi ba, ya gode. Abu ɗaya ya roƙa: ya san yadda muke yi idan ɗan wasa ya tara da yawa, ya ga ka turo wa Ndakotsu ɓarayi a wasan bara. Ya ce in yi masa alkawari ba wanda zai taɓa shanun Barkindo, ko ɓarawo ko cuta ko fari. Na yi alkawarin, Yaya. Don haka kada ka sake kawo mini waccan shawarar, ta rufu.

Don in sami abin faɗa na ce an sami haihuwa a garken. Ya juyo ya tambayi wace saniya. Ban shirya ba, na ce ja. Ya tambayi launin maraƙin, na ce fari tas. Ya tashi zaune ya ce ashe ban san komai ba. Ya shiga yi mini bayanin wane bijimi ne uban, yadda ake ɗaure maraƙi a igiya da safe, yadda uwar ke kuka in an raba su. Ya yi magana mai tsawo, har Inna Dije ta leƙo. Amma ko sau ɗaya bai ce Barkindo ba. "Baffa" yake cewa, wato mahaifinsa, da "rugarmu".

Da zan tafi bai raka ni ko bakin ƙofa ba. Ya ce in na dawo in zo masa da labarin maraƙin.

Ban sani ba ko magani na kai masa ko na ƙara masa dalilin zama a ɗaki. Na duba littafin dokoki daga farko har ƙarshe. Akwai babi a kan yawan dukiyar da za a bayar, akwai na yadda ake karɓe ta. Ban ga inda aka faɗi yadda ake fito da wanda ya riga ya isa gida ba. In ka sani, ka hau tudun nan ka kira ni, ko da wane lokaci ne. In ba ka sani ba, ka tambayar mini wani makiyayi a can abin da maraƙi ɗan sati guda yake yi, don Asabar zan koma, kuma ba ni da abin da zan faɗa masa.

Allah Ya sada mu da alheri.
Ƙanenka,
Taufiq